Amritsar, Birnin Da Baƙo Ba Ya Kwana Da Yunwa

Jama'a, tafiya mabuɗin ilmi ce. Wanda bai sami tafiya ba kuwa, karatu ya kan kai shi. Yau za mu leƙa wani birni mai suna Amritsar.

Amritsar yana arewacin ƙasar Indiya, cikin jihar Punjab, kusa da iyakar Pakistan. Daga nan zuwa birnin Lahore bai kai nisan Zariya zuwa Kaduna ba. Shi ne babban birnin ziyara na wasu mutane da a ke kira Sik.

Su wane ne Sik? Su ba Musulmi ba ne, ba kuma Hindu ba. Addininsu dabam ne. Wanda ya kafa shi sunansa Guru Nanak, an haife shi a shekarar 1469. Guru, watau malami. Sun ce Ubangiji ɗaya ne, mutane kuma duk ɗaya su ke. Mazansu da yawa ba su aski, suna naɗa rawani. Saboda haka kada ka ga rawani ka ce lalle Musulmi ne.

Malaminsu na huɗu, Guru Ram Das, shi ya kafa birnin a shekarar 1577. A tsakiyarsa akwai wani babban tafki. A tsakiyar tafkin kuma akwai ɗakin ibadarsu, Harmandir Sahib. Wani sarki, Ranjit Singh, ya sa aka lulluɓe samansa da zinariya wajen shekarar 1830. Ɗakin yana da ƙofa huɗu, alamar ko daga ina mutum ya fito, yana iya shiga.

Amma baƙo sai ya kiyaye ka'ida. Ya tuɓe takalmi, ya wanke ƙafa, ya rufe kansa. Ba a shiga da taba ko giya. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne ɗakin cin abinci. Sunansa langar. Dare da rana ana dafa abinci, dubun dubatar mutane suna ci kowace rana. Ba a biyan ko anini. Ba a tambayar sunanka, ko garinku, ko addininka. Attajiri da almajiri, mace da namiji, duk a ƙasa su ke zama, sahu sahu. A ƙasar da a ke bambanta mutane saboda asalinsu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Me a ke ci? Gurasar alkama, da miyar wani ƙanƙanen wake, da shinkafa, da ganyaye. Wani lokaci akwai shinkafa dafaffiya da madara da sukari. Ba a sa nama, don kowa ya iya ci.

To, wa ke biya? Jama'a ne. Manomi ya kawo alkama, mai kuɗi ya kawo kuɗi. Wanda ba shi da kome ya ba da ƙarfinsa. Wani ya yanka albasa, wani ya murza ƙullu, wani ya wanke kwanoni. Kamar aikin gayya ne, sai dai nasu ba ya tsayawa.

A kasuwa kuma akwai kulca, watau gurasa mai dankalin Turawa a ciki. A tanderu a ke gasa ta, kamar tamu, sa'an nan a shafa mata man shanu. Akwai lassi, wanda a ke yi da kindirmo da sukari. Bahaushe ya kurɓa sai ya tuna gida.

Mu ma mun gāji ciyad da baƙo. Amma mu tambayi kanmu. In baƙo ya sauka a ƙauyenmu da dare, ba ya jin Hausa, bai san kowa ba, ina zai ci tuwo?

Tambayoyi

1. A wace ƙasa Amritsar ya ke?
2. Don me ɗakin ibadar ya ke da ƙofa huɗu?
3. Wa ke biyan kuɗin abincin langar?