Inda ake neman takardar haihuwa, ta aure da ta mutuwa a gundumar Gidan Rumji

 Tambayar da ta fi zuwa teburin kariya ita ce: "Takardar yarona tana ina?" Mun ga ya kamata mu amsa ta a rubuce, domin wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Takarda tana zaune ne a inda abin ya faru, ko da kun bar wurin. Tun 2019 da mutane suka fara tsallakowa daga Sabon Birni, Isa da sauran garuruwan Sakkwato, Zamfara da Katsina, da yawa sun fara sauka a ƙauyukan bakin iyaka kafin a dawo da su Garin Kaka, Ɗan Daji Makau ko Cadakori. Yaron da aka haifa a ƙauyen farko, sunansa yana cikin rajistar ƙaramar hukumar wancan ƙauye. Gundumar Gidan Rumji tana da ƙananan hukumomi 5: Gidan Rumji, Gidan Sori, Tibiri, Cadakori da Saye Sabuwa, kuma kowacce da littattafanta. Wanda ya je Cadakori neman takardar yaron da aka haifa a ƙasar Gidan Sori zai dawo hannu rabbana, ba don an hana shi ba.

Ga yadda takardar ke tafiya. Idan mace ta haihu a likita, ana rubuta haihuwar a littafin shela na wurin. Idan a gida ta haihu, sai a je wurin mai riƙe da littafin shela na ƙauye, galibi ta hannun mai gari. Daga nan ake kai bayanin ma'aikatar magajin gari, a shigar da shi babbar rajista, a ba shi lamba, sannan a fitar da takardar haihuwa. Tun 2024 kantomomi ne ke riƙe da ƙananan hukumomi a madadin magadan gari, amma ofishin rajistar yana nan inda yake.

A nan ne mutane da yawa ke tsayawa a rabin hanya. Katin awo da katin rigakafi ba takardar haihuwa ba ne. 'Yar takardar da aka ba ku a likita ma shaida ce kawai cewa an yi shela. Ainihin takardar sai an koma an karɓa, kuma wasu suna nan ajiye a ofis, masu su na zaton ba a taɓa yi musu ba. Kafin ku ce yaro ba shi da takarda, a je a duba.

Dokar Nijar ta 2019 ta ba da kwana 60 daga ranar haihuwa don yin shela, kuma shelar da aka yi cikin wa'adi ba a biyan kuɗinta. Ɗan gudun hijira da ɗan ƙasa duk doka ɗaya ce a kansu. Ana raɗa suna ranar bakwai, saura kwana 53. Shawararmu, a je a makon suna, tun ba a shagala ba. Wanda ya ce ku ba shi wani abu don ya rubuta jariri, ku sanar da mu. Idan daga baya kuna son ƙarin kofi, wannan kam akan sayi kan sarki a manna.

In wa'adin ya wuce, magajin gari ba shi da ikon rubuta yaron da kansa, sai da hukuncin alƙali, wanda za ku ji ma'aikata na kira jugement. Ana zuwa kotun Gidan Rumji da shaidu biyu da suka san haihuwar, da duk abin da ke nuna lokacinta, ko katin rigakafi ne. Wani lokaci alƙali kan fito ƙauyuka ya yi zama a wurin, wanda ya fi sauƙi ƙwarai, kuma mukan sanar ta bakin shugabannin unguwa. Hukuncin ma sai an kai shi an shigar a rajista kafin a samu takardar.

Abin da ya fi wahalar da mu masu fassara shi ne rubutun suna. Rajistar nan da rubutun Faransanci ake cika ta. Usman ya zama Ousmane, Musa ya zama Moussa, A'isha ta zama Aïchatou, Abubakar ya zama Aboubacar. Mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke bin shafi da yatsa ba zai ga Usman a inda aka rubuta Ousmane ba. Sai kuma sunan gida: uwa ta ce Ladidi, alhali a littafi Hauwa'u aka sa. Saboda haka ku riƙe takardar shaidarku ta gudun hijira duk lokacin da za a rubuta yaro, ku roƙi a kwafi sunan uba da na uwa harafi da harafi yadda suke a jikinta. Kafin ku bar ofis, ku sa a karanta muku abin da aka rubuta. Gyara a wannan lokacin abu ne mai sauƙi, amma in an rufe, yana iya kaiwa har gaban alƙali.

Idan za ku je nema, ku tafi da sunan yaro na yanka, sunayen iyaye, garin haihuwa da shekara. In ba ku riƙe wata ba, ku tuna lokacin: kafin azumi ne, ko da kaka, ko bayan babbar salla. Wanda ya taɓa samun takardar ta ɓace, lambarta da shekararta sun isa a gano shafin nan da nan. Rajistar ba a buɗe take ga kowa ba; mai ita, iyayensa ko mariƙinsa ne ke nema, don haka kada ku aiki maƙwabci haka kawai.

Aure, saki da mutuwa su ma ana rubuta su a wannan ofis. Mun san mai zaman makoki ba ta takarda yake ba, amma matar da mijinta ya rasu za ta buƙaci shaidar mutuwarsa ranar da maganar gado ko riƙon yara ta taso.

Wasu iyaye na tsoron cewa takardar Nijar za ta raba yaro da ƙasarsa. Ba haka ba ne. Takardar tana shaida inda aka haife shi da su wane ne iyayensa. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗauki yaron da aka haifa a waje a matsayin ɗan Najeriya muddin ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne. Yaron da zai zauna jarrabawar BEPC a nan kuwa, sai da takardar.

Waɗanda aka haifa a gida Najeriya, rajistarsu tana hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a ƙaramar hukumarsu, kuma ba ofishin da ke nan zai iya fitar da ita. Muna roƙonku kada kowa ya tsallaka iyaka don ɗauko takarda, hanyar ba lafiya. Ku zo teburin kariya da abin da ya rage a hannunku, ko katin zaɓe, ko lambar NIN, ko hoton takardar a waya, mu duba tare.