Kamara guda, aiki biyu: amfaninta ga karkara irin Gabi

A zamanin da, mai ɗaukar hoto daban, mai ɗaukar sinima daban. Kowa da na'urarsa, kowa da sana'arsa. Yau kuwa kamara guda tana ɗaukar hoto tsayayye, in an juya maɓalli ta ɗauki mai motsi tare da murya. Ya kamata ma'aikata da ɗaliban yaƙi da jahilci su san wannan na'ura, domin ta kawo aikin sinima har ƙofar talaka.

Mu tuna baya kaɗan. Lokacin da Bafaranshe Jean Rouch ya soma ɗaukar sinima a bakin kogin Kwara a shekarar 1946, kamararsa irin mai wani ce kamar agogo, tana tsayawa kafin rabin minti ya cika. Naɗin fim na mita 30 ba ya kai minti 3, kuma sai an aika da shi Faransa a wanke kafin a ga abin da aka ɗauka. Da irin wannan wahala Mustafa Alasan da Umaru Ganda suka ɗaga sunan Nijar, har Ganda ya ci babbar kyautar bikin sinima na Wagadugu a 1972.

Sauyi ya zo a 2008. A shekarar nan kamfanin Nikon na Japan ya fitar da D90, kamarar hoto ta farko cikin irinta mai ɗaukar bidiyo. Ba da jimawa ba Canon ya biyo da 5D Mark II, wadda hotonta ya fi tsabta. A 2010 aka ɗauki kashi guda cur na wasan talbijin na Amurka mai suna House da ita. Daga nan ƴan jarida suka rungume ta, masu shirya fina-finan Hausa a Kano su ma suka bi sahu.

Mene ne asirinta? Hoto mai motsi ba kome ba ne face hotuna tsayayyu da ke bin juna da sauri, 24 ko 25 cikin daƙiƙa guda, har ido ya ɗauka motsi ne. A cikin kamarar akwai faranti mai jin haske wanda ya fi na ƙananan kamarorin bidiyo faɗi, shi ya sa take gani ko da magariba ta gabato. Ana kuma iya sauya mata ido, na nesa ko na kusa. Abin da ta ɗauka yana shiga cikin ɗan kati wanda bai fi kan sarki girma ba.

To, ina ruwan Gabi da wannan? Gabi ƙaramar hukuma ce ta karkara cikin gundumar Madarumfa, jahar Maraɗi, dab da iyakar Nijeriya. Arzikinta noma, kiwo da itatuwa. Malamin gona na iya ɗaukar manomin da ya ƙware wajen sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana gyara shi har ya girma, dabarar da ta bazu daga jahar Maraɗi tun 1983. Da dare a nuna wa mutanen wani ƙauye, su ji bayani daga bakin ɗan uwansu, cikin Hausarsu. Ai gani ya kori ji. Ma'aikacin gandun daji na iya tsayawa wuri guda a dajin Baban Rafi kowace shekara ya ɗauki hoto, a gwada, a san ko daji na ƙaruwa ko yana ƙarewa. In gulbi ya ci gonaki, magajin gari ya haɗa rahotonsa da shaidar da ba a musu. Saurayi mai sana'ar hoto kuma, shi kaɗai ya isa ya ɗauki biki ko suna, aikin da dā sai mutum biyu.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Kunnen kamarar rarrauna ne: in ba a sa makirho dabam kusa da bakin mai magana ba, iska ce za a ji. Tana zafi in ta daɗe a rana, ƙurar hunturu na shiga cikinta lokacin sauya ido, batirinta kuma ba ya daɗewa, don haka a ƙauyen da babu lantarki sai an tanadi faifan hasken rana. A ɗora ta bisa ƙafa uku, don hoto mai rawa yana gajiyar da mai kallo.

Sauran abu biyu, su ne mafi nauyi. Na farko, mutunci: kada a ɗauki mace a gidanta, ko majinyaci a asibiti, ko yaro, sai da izini, a kuma faɗa musu inda za a nuna. Na biyu, ajiya: kati yana ɓata, yana lalacewa. Kowane aiki a kwafe shi wuri biyu, a rubuta rana da sunan gari a littafin ofis. Fina-finan Rouch suna nan saboda an adana su. In hukumomin karkara suka yi haka, jikokinmu za su ga fuskar dattawan Gabi, su ji tarihin garinsu daga bakin masu shi.