Idan Dambu Ya Yi Yawa: Yadda Ake Tsara Zane Mai Isar da Saƙo

Duk wanda ya ratsa titunan Kano, Kaduna ko Maraɗi zai ga bangaye cike da fastoci: na wa'azi, na siyasa, na makarantun kuɗi, na masu maganin gargajiya. Kwamfuta da wayar hannu sun sa kowa na iya haɗa fasta cikin ɗan lokaci. Sai dai da yawa daga cikinsu, sai mutum ya tsaya ya ƙura ido kafin ya gano ranar taro ko wurin da za a yi shi. Launuka sun cakuɗe, hotuna sun hau kan juna, sunayen manyan baƙi sun cinye rabin takarda. Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Aikin mai tsara zane shi ne ya nuna wa ido inda zai fara da inda zai bi. Ado daga baya yake zuwa.

Ƙa'ida ta farko ita ce fifiko. A kowace takarda akwai abin da ya fi komai muhimmanci, kuma shi ya kamata ido ya fara cin karo da shi, ko ta girmansa, ko kaurinsa, ko wurin da aka ajiye shi. A katin ɗaurin aure, sunan ango da amarya ne kan gaba, sai rana da wuri, sannan sauran bayani. In an mayar da komai babba, to babu babba ke nan.

Ta biyu ita ce bambanci, kuma alarammominmu sun daɗe da sanin wannan. Dubi Alƙur'ani rubutun hannu na Kano ko Borno: baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da ɗigon rawaya, ga zayyana a gefen shafi tana nuna inda hizifi ko sumuni ya faɗo. Kowane launi da aikinsa, babu wanda aka sa don ƙawa kawai. Haka ya kamata mai zane ya riƙi launi. Rubutu mai duhu a kan fili mai haske ya fi saurin karantuwa, amma rawaya a kan fari ɓata tawada ne. A kuma guji ɗora ja a kan kore, domin akwai mutane, galibinsu maza, da idonsu ba ya rarrabe waɗannan launuka biyu sosai.

Ta uku ita ce ragewa, kuma ita ta fi wuya. A 1931 wani ma'aikacin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, Harry Beck, ya lura cewa taswirar layukan jirgin tana rikita fasinjoji. An zana ta ne bisa ainihin yanayin gari, don haka tashoshin tsakiyar birni suka cunkushe wuri guda, na bayan gari suka yi nisa. Beck ya ga cewa mutumin da ke ƙarƙashin ƙasa bai damu da lanƙwasar titin da ke samansa ba. Abin da yake son sani shi ne tasha ta gaba, da inda zai sauya jirgi. Sai ya miƙar da layukan, wasu a tsaye, wasu a kwance, wasu a karkace, ya buɗa tsakiyar birni, ya kusanto da na nesa, kowane layi da launinsa. Daga taswirar gari bai bar komai ba sai kogin Tems. Da farko hukumar jirgin ta ƙi karɓar taswirar, amma da aka buga ta a 1933 jama'a suka rungume ta, kuma har yau birane da dama a duniya tsarinsa suke bi.

Tutar Najeriya ma haka ta samu. Lokacin da Michael Taiwo Akinkunmi, ɗalibi a Landan, ya shiga gasar zana tuta, zanensa na ɗauke da jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ranar, aka bar kore, fari, kore, tutar da aka ɗaga ranar 1 ga Oktoba 1960. Shi ya sa ɗan firamare ke iya zana ta da ka. Filin da aka bari babu komai ba asara ba ne, shi ke ba abin da ya rage damar fitowa.

Sauran ƙa'idojin na tsari ne. Bayanan da suka danganci juna a ajiye su kusa: rana, lokaci da wuri su zauna tare. Layukan rubutu su fara daga gefe guda, kada kowane ya kama gabansa. Salon haruffa biyu ya wadatar, ɗaya na kanu, ɗaya na bayani. Mai rubuta Hausa kuma ya tabbatar salon da ya zaɓa yana da ɓ, ɗ da ƙ, don kada ƙafa ta koma kafa, ko akwatin banza ya fito a tsakiyar kalma.

Wannan magana ta wuce ta kwalliya. Takardar magani, sanarwar rigakafi, allon hanya da takardar ƙuri'a duk zane ne, kuma in sun rikice mutane ne ke cutuwa, musamman tsofaffi da waɗanda karatunsu bai yi nisa ba. Saboda haka kafin a kai aiki maɗaba'a, a nuna wa wanda bai san zancen ba, ya kalla sau ɗaya, a ɗauke, a tambaye shi me ya fahimta. In ya faɗi abin da ake son faɗa, aiki ya yi. In ya yi shiru, a koma a rage.