Amsa nawa za ta dawo? Ƙirgen da na'ura ba ta iya kammalawa

Ɗan kasuwar da ya miƙa katinsa ga mai POS a Ojoo da ke Ibadan ba ya ganin aike-aiken da ke gudana a cikin na'urar. Manhaja kan aiki ƙananan sassanta, kowanne ya komo da amsa: wani ɗaya, wani biyu, misali adadin kuɗi da shaidar ko sun shiga.

Matsala tana tasowa idan ana jiran biyu sai ɗaya ta zo. Harshen Go na tilasta bayyana adadin tun farko, in an saɓa ya ƙi haɗa manhajar. Lua kuwa cike gurbin yake yi shiru, kuskure ya wuce ba a sani ba.

Shi ya sa ake da kayan bincike masu karanta rubutun manhaja ba tare da kunna ta ba, suna bin kowace mafita suna ƙirgawa. Sai dai a harsuna irin Lua ƙiyasi ne kawai. Tun 1953 Henry Rice ya tabbatar cewa babu dabarar da ke warware irin wannan tambaya ga kowace manhaja. Jami'in da ɗan kwangila ya kawo wa rahoton cewa babu aibu, ya dace ya tambaya da wane harshe aka rubuta, kuma wurare nawa binciken ya tsallake.