Yadda ake zaɓen awartakin ɗaukar kaya ga ƙaramar tarakta

A yankin noman rani na Bakolori da ke jihar Zamfara, aikin manomi ba ya ƙarewa da girbin shinkafa. Akwai karan da za a kwashe daga gona, da takin dabbobi da za a kai, da ciyawar da ake tsamowa daga magudanan ruwa.

Akasarin wannan aiki da hannu ake yin sa, ko da amalanken shanu, a Dakko da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Bakura da Talata Mafara da Maradun.

Amma ga ƙungiyar manoma ko ɗan kasuwar da ke da ƙaramar tarakta mai hannun ɗaga kaya a gaba, akwai na'urar da aka ƙera domin irin wannan aiki. Tana da haƙoran ƙarfe sama da ƙasa, tana buɗe baki ta damƙe kaya kamar awartakin maƙera. Kamfanonin da ke ƙera ta na kiran ta grapple.

Bokitin da tarakta ke zuwa da shi ya dace da ƙasa ko yashi, amma kara da rassan itace zamewa suke yi daga cikinsa. Awartaki kuwa riƙe su yake yi.

Nauyi kafin faɗi

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen mafi girma, bisa zaton cewa shi zai fi ɗaukar kaya. Sai dai nauyin awartakin kansa na cikin abin da taraktar ke ɗagawa.

A ce hannun tarakta na iya ɗaga kilo 500, wato buhu 10 na takin zamani. Idan aka ɗaura masa awartaki mai kilo 300, buhu 6 sun tafi tun ba a taɓa kara ko ɗaya ba, saura nauyin buhu 4. Da mai kilo 120 aka ɗaura, da kayan da za a ɗauka sun kai kilo 380, kusan ninki biyu ke nan.

Ita ma lambar da ke cikin littafin tarakta tana bukatar a karanta ta da lura. Kamfanoni kan ba da adadi biyu: ɗaya a daidai ƙusar da ke haɗa hannun da bokiti, ɗaya kuma a tazarar milimita 500 gaba da ita. Na farkon ya fi yawa, shi ya sa dillalai suka fi ambatarsa. Na biyun ya fi kusa da gaskiyar aiki, domin kaya ba a kan ƙusa suke zama ba, kuma gwargwadon nisansu daga jikin tarakta gwargwadon raguwar ƙarfinta. Duk wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa da miƙaƙƙen hannu ya san haka.

Idan littafin da ma'aunin fam na Amurka aka rubuta shi, sai a raba adadin da 2.2 a samu kilo.

Game da faɗi, ga taraktar da ƙarfinta bai wuce na doki 25 zuwa 40 ba, awartaki mai inci 48 zuwa 60 ya wadatar, wato mita 1.2 zuwa 1.5. Ba dole ne ya kai faɗin tayoyi ba, tun da karan dawa ko reshe na iya fitowa ta gefe biyu bayan an damƙe shi a tsakiya. Mai inci 72 na manyan taraktoci ne, irin Massey Ferguson 375 da aka saba gani a arewacin Najeriya.

A nan ne ya kamata a yi magana da mai walda, idan a gida za a ƙera. An saba ɗaukar kaurin ƙarfe a matsayin alamar inganci, kuma a garma ko tirela hakan na da hujja. A gaban ƙaramar tarakta kuwa, kowane kilo da aka ƙara asara ce. Gara a ɗora shi a sikeli kafin a biya kuɗi.

Ƙasar fadama

Kara busasshe ba shi da nauyi, amma ciyawar da aka tsamo daga magudana jiƙaƙƙiya ce, ga laka a saiwarta. Haka ma taki bayan ruwan sama. Saboda haka da kaya mafi nauyi ake yin lissafi. Awartaki mai tazara tsakanin haƙoransa na ƙasa ya fi amfani a nan, domin laka da ruwa na zubewa kafin a ɗaga.

Idan nauyi ya yi yawa a gaba, tayoyin baya kan saki ƙasa, na gaba kuma su nutse a tabo. A bakin magudanar ruwa, hakan na iya kifar da tarakta. Maganinsa a rataya wani abu mai nauyi a baya, a kuma riƙa tafiya da kayan kusa da ƙasa.

Sannan buɗewa da rufewar bakin na bukatar ƙarin layin man haidirolik da bawul, wanda yawancin taraktoci ba sa zuwa da shi. Kuɗinsa na cikin lissafi, haka ma tambayar ko za a samu tiyo da sauran kayan gyara a Gusau ko Sakkwato.

Yankin ya san abin da rashin kayan gyara ke haifarwa. Madatsar ruwan Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, an tsara ta ne domin shayar da hekta 23,000, kuma mafi yawansu ta hanyar injinan yayyafa ruwa. Waɗannan injina sun lalace, aka koma dogaro da magudanan da ruwa ke gangarawa da kansa. Magudanan Bakolori na cikin waɗanda aka sa a shirin gyara na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014.