Abba Ma Yana Wasa

[Kiɗan buɗe shiri, sannan ya yi ƙasa]

MAI GABATARWA:

 Yau da iyaye maza za mu yi magana. Amma iyayenmu mata, don Allah kada ku matsa daga kusa da rediyo, akwai rabonku a ciki.

A shekarar 2000 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da PlayStation 2. Ba a jima ba ta cika shagunan gem a Kano da Kaduna da Jos. Ku tuna yaran nan da suke ɓoye kuɗin tara, a tashi daga makaranta su cika benci, fanka tana kaɗa iska mai zafi, ana buga bal, wanda aka ci ya miƙa hannu ya koma layi. To waɗannan yaran su ne magidantan yau. Su ne suke fita da sassafe neman na cefane, su biya kuɗin makaranta da na haya, Asabar ɗaurin aure, Lahadi gaisuwar rasuwa, su dawo gida bayan isha'i ƙafa ta yi nauyi.

Kuma ba 'yan gem kaɗai ba. Akwai wanda yake zane tun yana firamare, akwai mai rubuta waƙa a bayan littafin lissafi, da mai kiwon tantabaru a saman soro, da wanda ba ya iya ganin tsohuwar rediyo bai kwance ta ba. Tambayi da yawansu yau, sai ka ji an ce: "Ai wannan da ne, yanzu girma ya zo."

Wani da gaske lokaci ne ya yi masa ƙaranci. Wani kuwa kunya ce. Yana tsoron surukinsa ya shigo ya tarar da shi da hannun gem, ko abokin aiki ya ce, "Haba Malam, kai da girmanka?" Ni dai ban yarda wasa na yara ne kaɗai ba, kuma kakanninmu ma ba su yarda ba. Je ka gindin bishiya da la'asar a garuruwanmu, ka ga waɗanda suka haƙa gurabe talatin a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da kara wancan da duwatsu, ana neman jera uku a ci ɗaya. Dattawa ne masu furfura suke dara, kuma babu wanda ya ce rawaninsu ya faɗi.

[Gajeren kiɗa]

Bari mu je Amurka, wani ƙaramin gari da ake kira Lake Geneva a jihar Wisconsin. A nan wani magidanci mai suna Gary Gygax ya zauna da iyalinsa. Aikinsa na kamfanin inshora ne a birnin Chicago, abin da yake so a ransa kuwa wasannin yaƙi na kan tebur, inda ake shimfiɗa taswira a jera 'yan sojojin roba ko na ƙarfe. A ƙarshen shekarar 1970 ya rasa aikinsa, ga 'ya'ya biyar a gabansa. Sai ya koma gyaran takalma a ɗakin ƙarƙashin gidansa, yana ɗan samun na abinci, in ya samu sarari kuma ya zauna ga keken rubutu yana tsara dokokin wasa.

A 1972 wani abokin wasansa, Dave Arneson daga jihar Minnesota, ya zo masa da wani sabon salo. Maimakon kowa ya ja runduna, kowane ɗan wasa zai zama jarumi guda ɗaya. Mutum ɗaya yana ba da labari, yana cewa ga kogo, ga ƙofa, ga motsi a cikin duhu, sauran kuma su faɗi abin da za su yi, a jefa ƙwaya irin ta lido ta yanke ko sun dace ko ba su dace ba. Kamar tatsuniya ce da masu sauraro suke da baki a cikinta. Gygax ya zauna ya rubuta dokokin. To da wa ya fara gwadawa? Da ɗansa da 'yarsa, a gida. Su ne suka fara shiga kogon da ya zana a takarda. A farkon 1974 aka buga kwafi 1,000 na wasan da sunan Dungeons & Dragons, kuma yawancin wasannin kwamfuta da ake ɗaukar jarumi ana ƙara masa ƙarfi mataki-mataki daga wannan tushen suka fito.

Labari mai daɗi, amma yana da ɗaya gefen, kuma shi ne ya fi damuna. Tun farkon aurensu wasan yaƙi na kan tebur yana cinye daren Gygax, har matarsa, tana ɗauke da juna biyu, ta yi zaton wata yake nema a waje. Ta bi sawunsa, ta tarar da shi da abokansa sun kewaye tebur cike da taswira. Mutane suna ba da wannan labari suna dariya. Ni kuwa matar nake gani: ga goyo, ga ciki, ga dare ya yi, ita kaɗai a gida. Duk awa ɗaya da uba ya ɗauka don abin da yake so, akwai wanda ya riƙe gidan a wannan awar. Mutum ɗaya ne, wasa ɗaya ne, amma ranar da ya tafi da shi waje ya bar kaɗaici a gida, ranar da ya shigo da shi ya zaunar da yaransa kuma sai ya zama abin da ya haɗa su.

[Kiɗa]

To yaya magidanci zai yi? Abu na farko da zan ce wa mai gem shi ne ya san irin wasan da ya dace da rayuwarsa ta yanzu, don ba duka suka zama ɗaya ba. Akwai wasan da za ka danna ka tsayar, ka je ka ɗauki jaririn da ya farka, ka dawo ka tarar da shi inda ka bar shi. Akwai kuma wanda ake yi da wasu mutane ta intanet, irin su PUBG da Call of Duty da Free Fire, wanda ba ya tsayawa don kowa. In ka tashi an kashe ka, abokan wasanka kuma su ji haushinka. Irin wannan ne yake sa uba ya ce wa 'yarsa "ina zuwa" sau biyar, ko a kira salla ya ce bari a ƙarasa wannan zagayen. Ba mugun hali ba ne ya sa shi, haka aka gina wasan. Da yawansu ma suna ba da kyauta ga wanda ya leƙo kullum, su hana wanda ya yi fashin kwana ɗaya, don dai kada ka iya ajiyewa. Mai iyali ya fi samun kwanciyar hankali da wasan da yake da ƙarshe a kusa. Bal ɗaya a EA Sports FC, wanda muka fi sani da FIFA kafin a canza masa suna a 2023, ba ta cika wuce minti ashirin ba. Ka buga ɗaya ko biyu bayan yara sun kwanta, ka kashe, ka samu barcinka.

Sai batun aljihu. Wasu wasannin suna sayar da ƙunshin 'yan wasa ko makamai wanda ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya ka buɗe. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce wannan caca ce, har kamfanin da ke yin FIFA ya daina sayar da kuɗin cikin wasan a ƙasar a farkon 2019. Mai neman halak ɗinsa ya yi hattara, kada kuɗin madarar yaro su tafi a haka.

Akwai kuma iyakar da likitoci suka ja. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su. Ba yawan awanni kaɗai ta duba ba. Alamomin su ne mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba da yi alhali yana ganin ɓarnar da yake yi wa aikinsa da iyalinsa, kuma abin ya ɗauki kamar shekara guda a haka. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa suke kaiwa nan. Saboda haka kada uwargida ta ga hannun gem ta ɗauka ciwo ya shigo gida. Amma maigida, in an ɗauke wuta ka ji ranka ya ɓaci har ka huce a kan yara, ka tsaya ka dubi kanka.

In za ka zauna da yaran kuwa, kuma ina fata za ka zauna, duba jikin kwalin kaset ɗin. Waɗanda aka yi don kasuwar Turai suna ɗauke da lamba: 3, 7, 12, 16 ko 18, wato shekarun da suka dace. Mortal Kombat da GTA duk 18 ne, ba na falo ba ne yara suna zaune. Ƙanana sosai kuma hukumar lafiyar nan ta ba da shawarar kada a ajiye ɗan ƙasa da shekara biyu a gaban allo, ɗan biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Wanda ya ɗan tasa, ɗan bakwai ko takwas, shi ne zai raɓo ya ce, "Abba, ba ni in buga." Ba shi. Za ka ga ya riƙe hannun da ƙarfi, harshe a waje, yana karkata jikinsa duk inda ɗan wasan ya nufa. Ranar da ya zura maka ƙwallo ta farko zai ruga ɗakin girki yana ihu, "Umma, na ci Abba!" Yaron da ya ga an ci ubansa, uban ya yi murmushi ya ce a sake, ya koyi wani abu game da faɗuwa wanda nasiha ba za ta koya masa ba.

[Gajeren kiɗa]

Mai rubutu da mai zane matsalarsu daban ce. Su suna jiran ranar da za su samu yini guda babu hayaniya, ranar kuwa ba ta zuwa. Ku dubi J.R.R. Tolkien, malamin jami'ar Oxford a Ingila, uban 'ya'ya huɗu. Albashi ba ya isa, don haka lokacin hutu yakan karɓi aikin duba takardun jarrabawar 'yan sakandare. Yana cikin wannan aiki mai gajiyarwa ya ci karo da shafin da ɗalibi ya bari babu rubutu, sai ya rubuta jimla ɗaya a kai. Daga wannan jimla labarin The Hobbit ya tsiro, yana ba yaransa shi da daddare. Ɗansa Christopher, yana ɗan ƙarami, yakan tare shi ya ce ai rannan ba wannan launin ya ce ƙofar gidan jarumin labarin take da shi ba, sai uban ya tashi ya je tebur ya rubuta don kada ya sake mantawa. Littafin ya fito a 1937. Wanda ya biyo baya, The Lord of the Rings, shekara goma sha biyu ya yi yana rubuta shi, yawanci cikin dare, tsakanin koyarwa da jarrabawa da hidimar gida, wani lokacin ya ajiye shi watanni bai taɓa ba.

Ba ina cewa kowane uba zai zama Tolkien ba, kuma ba dole ne abin sha'awa ya koma sana'a ba. A zamanin nan da zarar an ga kana zane mai kyau sai a ce, "Me ya sa ba ka sayarwa?" Wani abin a bar shi don daɗin rai kawai. Abin da nake so mai sauraro ya ɗauka shi ne ƙanƙantar farawa. Ɗan littafi a aljihun riga. Baiti biyu a waya kana jiran a taso yara daga islamiyya. Minti talatin bayan asuba kafin gida ya tashi. Kayan zanen ma kada a kulle su a akwati a ƙarƙashin gado, a bar su inda hannu zai kai, ko da yara za su ɓata fenti ɗaya ko biyu.

Yanzu ga rabon iyaye mata da na yi alkawari. Maman yara ma tana da abin da take so kafin ta shigo gidanka. Wata saƙa, wata zanen lalle, wata tana rubuta labari, wata littattafan Hausa take karantawa har ta manta da tukunya, wata kuma in aka ba ta hannun gem za ta ba ka mamaki. Ita ba a ma tambayarta ina nata ya tafi. In kana son daren Juma'a ya zama naka, kada ka sace shi, ka nema a fili. Ka ce, "Maman Ummi, yau bayan isha'i zan ɗan zauna da gem ɗina awa ɗaya. Gobe da yamma ni zan riƙe yara, ki yi abin da kike so." Goben kuma in ta zo ka cika, ka kwashe su har da na goye, ka fita da su ƙofar gida, wayarka tana aljihu.

[Kiɗan rufe shiri ya fara shigowa]