Ɗanyen Itace da Hanyar Hayaƙi a Murhun Ɗumama Ɗaki

A wannan takarda za mu dubi murhun ƙarfe da ake ɗumama gida da shi a Ingila, wato akwatin wuta mai ƙofa, da bututun da ke fitar da hayaƙi ta saman rufi. Babu abin da ke ɓata aikinsa kamar ɗanyen itace. Itacen da aka sare yanzu, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Idan aka cusa shi, sai wuta ta ƙare ƙarfinta wajen ƙafar da ruwan, ɗaki kuwa bai ɗumama ba. Hayaƙin ya huce, ya daskare a cikin bututu kamar kwalta, wata rana ya kama wuta. A 2021 aka fara aiki da doka a Ingila cewa itacen da ake sayar wa gidaje kaɗan-kaɗan kada ruwansa ya wuce kashi 20 cikin 100.

Mu a nan ranar bazara kan busar mana da itace kyauta. Abin da muka rasa shi ne bututun. Kaskon garwashi da ake shiga ɗaki da shi lokacin hunturu, a kuma toshe taga, ba shi da mafitar iska. Gawayi ba ya hayaƙi sosai, shi ya sa ake amince masa, alhali yana fitar da iskar kabon monoksayid, marar launi marar wari, wadda jini ke riƙewa fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Alamarta ta farko ciwon kai ne da jiri, mai barci kuwa ba ya jin su.